Mai Masauki Da Kakar Ganye

Kowace sana'a da kakarta. Manomi yana da tasa sa'ad da gero ya nuna, masunci yana da tasa sa'ad da ruwa ya janye, maɗinki kuwa tasa ita ce jajibirin salla. To, a can arewa maso gabashin Amurka, a wata ƙaramar jiha mai suna Vermont, akwai waɗansu masu sana'a da kakarsu ta sha bamban da ta kowa. Amfanin da suke jira ba su suka shuka shi ba, ba su girbe shi, ba su kai shi kasuwa, ba su kuma da ikon ƙara masa ko da kwana ɗaya. Ganyen itace ne kawai, wanda ke sauya launi kafin ya kaɗe. Amma da shi suke biyan bashi, da shi suke ci har shekara ta zagayo. Waɗannan su ne masu ƙananan masaukan baƙi na ƙauye, wannan kuwa labarin wata ce daga cikinsu.

Kafin a kai gare ta, ya kamata mai karatu ya san ƙasar. Vermont ɗaya ce daga cikin jihohi shida da ake kira Sabuwar Ingila, tana iyaka da Kanada daga arewa. A ƙidayar 2020 mutanenta 643,000 ne da 'yan kai, hedkwatarta Montpelier kuwa mazaunanta kimanin 8,000 ne, watau babu hedkwatar jiha a Amurka da ta kai ta ƙarancin jama'a. Jerin duwatsu ya ratsa tsakiyar jihar daga kudu zuwa arewa, mafi tsawonsu shi ne Mansfield, wanda ya haura ƙafa 4,300. Wajen kashi uku cikin huɗu na ƙasar kurmi ne. Sarkin itatuwan kurmin shi ne wanda ake kira mefil, wanda akan huda jikinsa a ƙarshen hunturu a tari ruwansa, a dafa kimanin galan 40 kafin a sami galan ɗaya na wata irin zuma. Duk Amurka babu jihar da ta kai Vermont yin wannan zuma.

A ƙasar Hausa itace kan zubar da ganye saboda rani, ya bushe ya faɗi ba wanda ya kula. A can kuwa gabatowar sanyi ce sanadi, kuma ganyen ba ya tafiya sai ya ci ado. Daga tsakiyar Satumba, sa'ad da dare ya yi ta ƙara tsawo, itacen kan daina yin sinadarin nan mai sa ganye kore, wanda da shi yake haɗa abincinsa daga hasken rana. Da koren ya ja baya, sai ruwan ɗorawa da ruwan goro da ke ɓoye ƙarƙashinsa tun farko su bayyana. Ja kuwa sabon launi ne, daga sukarin da ya maƙale cikin ganyen yake samuwa. Shi ya sa sai an dace da rana mai haske da dare mai sanyi, amma wanda bai kai ga daskarar da ruwa ba, sa'an nan duwatsun ke yin jawur kamar an kunna musu wuta. In an yi fari, ganyen ya yi ƙasa-ƙasa ya zube da wuri. In lumshi ya yi yawa, launin ya dusashe. Abin kan soma daga arewa da ƙwanƙolin duwatsu, ya riƙa gangarowa kudu da kwaruruka har tsakiyar Oktoba.

Abin mamaki, wannan kurmi da mutane ke ƙetaro teku don su gani, ba daɗaɗɗe ba ne. A 1811 wani tsohon ƙaramin jakadan Amurka a Lisbon, William Jarvis, ya kawo tumakin Marino masu laushin gashi garin Weathersfield. Kafin 1840 tumakin jihar sun haura miliyan ɗaya, an kuma sare yawancin dajin an mai da shi gonaki da makiyaya. Da farashin ulu ya faɗi, manoma suka yi ta ƙaura zuwa yamma, sai daji ya komo ya rufe filayen. Har yau mai yawo cikin kurmin yakan ci karo da katangun duwatsu, iyakokin gonakin dā. Watau arzikin masu masauki na yau a kan kufan waɗansu ya tsiro.

Matar da ake magana a kanta ta ba shekara sittin baya. Ita da mijinta ma'aikatan ofis ne a birnin Boston. Da suka gaji da hayaniya, suka sayar da gidansu, suka haɗa da rancen banki suka sayi wani tsohon gidan gona na katako kusa da hanya mai lamba 100, wadda ke bin gindin duwatsun. Suka gyara shi ya zama ɗaki goma sha ɗaya na baƙi, da zauren cin abinci, da falo mai murhu. 'Yan'uwa da abokai suka ce ai sun huta. Ba a rufa shekara ba suka gane mai masauki bara ne a cikin gidansa.

Lissafin shekararta a fili yake. A Nuwamba ganye ya kaɗe, dusar ƙanƙara ba ta sauko sosai ba, itatuwa tsirara, har mutanen wurin suna kiran lokacin da kakar tsinke. Baƙo sai ɗaiɗai. Cikin hunturu akan sami masu wasan zamiya, in dusar ta yi auki. Wajen Afrilu ƙanƙara ta narke, hanyoyin ƙasa su dagule, wannan kuma shi ne kakar taɓo. Daga Yuni zuwa Agusta akwai 'yan biki da masu yawon shan iska, abin da dai zai riƙe gida. Amma banki bai san tsinke ba, bai san taɓo ba, kowane wata sai an kai masa nasa. Haka inshora, haka man ɗumama gida, haka harajin gini. Ga kuma kashi 9 cikin ɗari da jiha ke karɓa a kan kuɗin ɗaki da na abinci, wanda ita za ta tara ta miƙa. Saboda haka ribar shekara duka tana cikin kwana ashirin da 'yan kai, daga makon ƙarshe na Satumba zuwa Litinin ta biyu ta Oktoba, ranar da hutun Amurka da na Kanada ke haɗuwa.

Cikin waɗannan kwanaki ba ta san barcin kirki ba. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba ta riga ta kwaɓa fulawa. Kafin bakwai ga kofi, ga ƙwai, ga fanke da zumar mefil, ga tuffa daga gonar maƙwabci, inda lebururori daga Jamaika ke zuwa tsinka kowace kaka. Mutum ashirin da biyu za su ci, kowa da abin da likita ya hana shi. Ƙarfe goma sha ɗaya masu tafiya su tafi, ƙarfe uku sababbi su iso, a tsakani kuwa sai an sauya zannuwan gado, an wanke makewayi, an share ganyen da takalma suka kwaso, an jera itace a murhu. Da yamma ta zauna a falo tana murmushi, tana amsa tambayar da ta amsa sau ɗari, kamar yau ta fara jinta. Ta daɗe da sanin cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Tambayar da ta fi kowace nauyi tun watan Janairu ake fara yi mata ita ta waya: wace rana ganye zai kai ganiyarsa? Mai tambayar zai ba da kafin alƙalami ne a kan amsarta, zai ɗauki hutu, zai yanki tikitin jirgi. Akwai masu masaukin da kan yanke rana don kada ciniki ya kuɓuce. Ita kuwa takan gaya wa mutum abin da aka saba gani a kwarinsu, ta ƙara da cewa itace bai taɓa ɗaukar mata alkawari ba. Ta yi asarar baƙi da wannan amsa. Amma wanda ya zo bayan ya ji ta, ko ya tarar da ganyen bai nuna ba, ba ya kiran ta maƙaryaciya, galibi ma yakan komo baɗi.

Samun masu taya aiki shi ma ya zama jidali. Samarin ƙauye sun tafi birni, wanda kuma ya so zuwa daga waje ba ya samun ɗakin haya, domin tun da kamfanin Airbnb ya kafu a 2008 gidaje da yawa sun koma na saukar baƙin kwana biyu. Watau abu ɗaya ya raba ta da baƙi, ya kuma raba ta da ma'aikata. A bara-bara mutum biyu ke taya ta aikin da a dā mutum biyar ke yi.

Sau biyu gidan ya kusa suɓuce mata. A ƙarshen Agusta 2011 guguwar Irene ta zubo da ruwan da ya lalata fiye da mil 500 na hanyoyin jihar da gadoji wajen 200, saura wata ɗaya kaka ta kama. Waya ta yi ta ƙara, kowa a mayar masa da kuɗinsa. Sai kuma annobar korona, wadda ta sa aka rufe iyakar ƙasa da Kanada ga masu yawon buɗe ido daga Maris 2020 har Nuwamba 2021, watau kaka biyu cur babu motocin maƙwabta. Tsakanin waɗannan masifu biyu ne mijinta ya rasu, ya bar mata gida da bashi da tukunyar ɗumama ruwa wadda shi kaɗai ya san halinta.

Cikin baƙinta akwai waɗansu tsofaffi, mata da miji, malaman makaranta ne da suka yi ritaya. Kowace shekara sukan kama ɗaki ɗaya mai kallon dutse, a makon farko na Oktoba. Wata shekara sai ga wasiƙa daga matar: malam ya riga mu gidan gaskiya, tana so ta zo ita kaɗai, amma fanshon mutum ɗaya ba zai kai sabon farashi ba. A lokacin kuwa ɗakin nan, a wannan mako, da an sa shi a intanet kafin la'asar an kama shi da ninkin kuɗin. Rufin gidan kuma yana yoyo. 'Yarta, wadda akanta ce a birni kuma ita ke duba mata littafi, ba ta ɓoye ra'ayinta ba.

"Mama, kwana shida ne a tsakiyar kaka. Kuɗin rufi ne fa za ki kyautar."

"'Yar nan, shekarar ambaliya su waye suka zo?"

'Yar ta yi shiru, domin ta tuna. A 2011, sa'ad da kowa ke neman kuɗinsa, tsofaffin nan sun zagayo ta hanyoyin daji, tafiyar awa ɗaya ta zama ta awa uku, suka biya kuɗin ɗaki cif, malamin har ya taya kwashe laka daga ɗakin ƙasa. Aka ba tsohuwa ɗakinta a tsohon farashi. Rufi kuwa faci aka yi masa, ya ƙara shekara biyu ana tarar ruwa da bokiti a bene. Alheri danƙo ne, amma wanda ya yi shi ya san abin da ya fita daga aljihunsa.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Tun 1968 Vermont ta haramta kafa manyan allunan talla a bakin hanya don kada su tare wa mutane kallo. Amma abin da doka ta hana allo, wayar hannu ta yi shi ninki. Hoto ɗaya a Instagram kan ja ɗaruruwan motoci zuwa ƙofar gidan wani manomi. A 2023 hukumar garin Pomfret ta rufe hanyar Cloudland ga baƙi har wajen mako uku, saboda masu ɗaukar hoto sun toshe hanya suna kutsawa cikin filayen mutane. Mai masauki a tsakiya take: baƙi ke ciyar da ita, amma maƙwabci ne zai janye mata mota daga dusar ƙanƙara a Fabrairu. Don haka ta zana taswira da hannunta, takan ba kowane baƙo, ta nuna masa gadojin katako masu rufi da tuddan da kowa ke da ikon hawa, ta kauce wa ƙofar kowa. Baƙo raɓa ne, maƙwabci kuwa yana nan.

Ƙarshen kakar a dare ɗaya yakan zo. Iska ta taso da ruwa, ta kwana tana kaɗa tagogi, gari ya waye duwatsun da jiya ke ci kamar garwashi sun koma toka-toka. Baƙin da suka iso ran nan ba ta yi musu kwana-kwana. Takan tura su kudu, can kwaruruka inda sauran launi bai gama zuba ba. Bayan mako ɗaya ta rufe ɗakunan sama, ta zauna da littafin lissafi. Wata shekara a sami rarar da za ta kai Afrilu, wata shekara da ƙyar a kai Janairu.

Wani kamfanin otal-otal ya taya gidan da kuɗi mai tsoka. 'Yarta ta ce ba za ta gaje shi ba, gwiwoyin uwar kuma sun fara ƙin bene. Takardar tayin tana cikin aljihun tebur, ba ta sa hannu ba, ba ta kuma yaga ba. Amma kusa da ita akwai littafin baƙi na baɗi, makon farko na Oktoba ya riga ya cika da sunaye, na tsohuwar malama a sama. Mutane sun ba da kafin alƙalami a kan ganyen da bai ko toho ba, ita kuwa ta karɓa. Wanda ya karɓi amana irin wannan, ai ya riga ya ba kamfani amsa, aƙalla ta shekara guda.