North Augusta: Garin da ake farautar dogayen yara

Garin North Augusta yana bakin kogin Savannah ne, a Jihar South Carolina da ke kudu maso gabashin Amurka. Idan ka tsallaka gada ka shiga Augusta, to ka shiga wata jihar ke nan, wato Jojiya. A ƙidayar 2020 mutanen garin ba su wuce 25,000 ba, kuma a yawancin watannin shekara babu abin da zai sa baƙo ya tsaya a cikinsa in ba shan mai ba. Amma duk watan Yuli, na tsawon kusan mako guda, manyan kociyoyin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka sukan yi dafifi a nan, otal-otal su cika maƙil a ɓangarorin kogin biyu, saboda wata gasa ta 'yan sakandare da ake kira Peach Jam.

Daga Atlanta muka taso a mota, tafiyar kusan awa biyu da rabi ta gabas, a kan titi ɗoɗar da itatuwa suka yi wa shinge hagu da dama. Zafin Yuli a wannan yanki ba irin na Sakkwato ba ne mai ƙona fata, ya fi kama da na Legas: gumi ya yi ta tsatsafowa, riga ta manne a baya. Gasar ta samo sunanta daga wani ɗan itace da suke kira fic, mai girman lemon zaƙi, bayansa da ɗan gashi-gashi, da ƙwallo ɗaya a ciki kamar mangwaro. Jojiya ce ta yi suna da shi, amma South Carolina ta fi ta noma shi, kuma mutanen nan ba sa gajiya da faɗa wa baƙo haka.

Tun 1996 ake yin gasar a wannan gari, kamfanin takalma na Nike ne ke ɗaukar nauyinta. Wurin da ake yin ta, Riverview Park Activities Center, ba wani katafaren filin wasa ba ne. Cibiyar motsa jiki ce ta hukumar gari, mai ɗakunan wasa a jere, inda a sauran lokuta yaran unguwa da dattawa ke zuwa. Ƙungiyoyin da ke fafatawa ba na makarantu ba ne, na hutun bazara ne, waɗanda ke tattaro gwanayen yara daga birane daban-daban, an kasa su rukuni-rukuni: 'yan ƙasa da 17, da 16, da 15.

Abu na farko da ya ɗauki hankalinmu shi ne tsarin zama. Iyaye da 'yan kallo suna gefe guda suna ta ihu. A wani gefen kuma an jera kujeru, mutane na zaune shiru, kowa sanye da riga mai ɗauke da tambarin jami'arsa ɓaro-ɓaro a ƙirji: Duke, Kentucky, Kansas, da wasu da ba mu taɓa jin sunansu ba. Waɗannan su ne kociyoyin. Wasunsu albashinsu ya kai miliyoyin daloli a shekara, amma ga su a takure, gwiwa na gugar gwiwa. Dokar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta yarda su kalli yaro a irin waɗannan ranaku, amma ta hana su tsayawa su yi hira da shi ko da iyayensa a wurin. To rigar ce ke yin magana. Koci zai zauna daidai inda yaron da yake so zai hango shi duk lokacin da ya juyo, domin yaron ya san cewa an zo dominsa. Idan babban koci ya zo da mataimakansa biyu suka jeru, saƙon ya fi ƙarfi. Wani lokaci yaron yana fita daga wasa sai ka ga rabin kujerun sun zama wayam, an koma ɗaki na gaba.

A ɗaya daga cikin ɗakunan muka tsaya kallon wani yaro ɗan shekara 16 da tsayinsa ya kai ƙafa bakwai, wato mita 2.13. Ƙofar ɗaki ta yau da kullum a Amurka mita 2.03 ce, ka ga sai ya sunkuya zai shiga. Kwandon da ake jefa ƙwallo yana ƙafa goma daga ƙasa, kuma shi ɗan tsalle kaɗan ya ishe shi ya kama bakinsa. Siriri ne kamar gora. A wasan da muka gani ƙwallo ta suɓuce masa sau da dama, maki kaɗan ya ci, har muka ɗauka kociyoyin za su tashi. Babu wanda ya motsa. Wani ma'aikacin gasar ya yi mana bayanin cewa ba maki suka zo ƙirgawa ba. Suna duba yadda yake gudu daga wannan kwando zuwa wancan, ko yana iya juya ƙafafunsa da sauri idan gajeren ɗan wasa ya nufo shi, ko hannunsa na riƙe ƙwallon da aka wurgo da ƙarfi, da tsawon gabarsa idan ya ware hannuwa biyu. Har zamansa a benci suna lura da shi, yana sauraron kocinsa ko yana zumɓura baki. Jifa da dabarun wasa ana iya koya wa mutum a cikin shekara biyu ko uku, shi kuwa tsayi sai wanda Allah Ya ba. Shi ya sa dogon yaro ko da ɗanye ne ake rububinsa.

Ana fara wannan zawarci da wuri. Daga ranar 15 ga Yuni bayan yaro ya gama aji na goma, daidai da SS1 ɗinmu, doka ta ba kociyoyi damar kiransa a waya da tura masa saƙo kai tsaye. Yaron da ya yi fice, wayarsa kan fara ƙara tun tsakar daren ranar. Daga nan sai tayin gurbin karatu kyauta, sai gayyatar ziyara, inda jami'a ke biya wa yaro da iyayensa kuɗin jirgi da masauki da abinci na kwana biyu, a zagaya da shi, a sa masa rigar ƙungiya a ɗauki hoto. Sai dai tayin baki ba alkawari ba ne da doka ta sani. Sai an sa hannu a takarda, wanda ake fara yi a watan Nuwamba na shekarar ƙarshe ta sakandare, kuma kafin nan koci na iya samun wanda ya fi shi, ko a kori kocin ma baki ɗaya. A 'yan shekarun nan an sassauta wa 'yan wasan jami'a dokar sauya makaranta, don haka kociyoyi da yawa sun fi son ɗauko ɗan shekara 21 da ya goge a wata jami'ar a kan ɗan sakandaren da sai an yi rainonsa.

Inda ake rububi kuwa ba a rasa kuɗin bayan fage. A watan Satumba na 2017 hukumar FBI ta kama mutum goma, ciki har da mataimakan kociyoyi huɗu na manyan jami'o'i, kan zargin cin hanci da biyan kuɗi a ɓoye don karkatar da yara. Daga Yulin 2021 an halatta wa 'yan wasan jami'a samun kuɗi ta hanyar talla da sunansu. Amma ɗalibin da ya shigo daga waje da bizar karatu, dokar shige da fice ta taƙaita masa irin aikin da zai yi a cikin Amurka, don haka ba lallai ne ya ci moriyar da takwaransa ɗan ƙasa ke ci ba.

Abin da ba a gani a fili, kuma a ganinmu ya fi komai kayar da yara, shi ne takardar sakamako. Kafin ɗalibi ya buga wa jami'ar rukuni na ɗaya wasa a shekararsa ta farko, sai ya kammala manyan darussa 16 da aka amince da su, irin su Turanci da lissafi da kimiyya, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4. Ana fara lissafin daga aji na tara, wato JSS3. Ɗalibin Najeriya ma sai an tura takardunsa an tantance. Yaron da ya yi wasa da karatu yana ɗan shekara 14, ko ya kai rufin ɗaki a tsayi, zai iske ƙofar a rufe.

Lissafin kansa mai sanyaya jiki ne. Yara maza fiye da rabin miliyan ke buga ƙwallon kwando a sakandaren Amurka, kuma kusan ɗaya cikin ɗari ne ke kaiwa rukuni na ɗaya, mai jami'o'i sama da 350. Gasar ƙwararru ta NBA kuwa mutum 60 kacal take zaɓa a shekara, daga duk duniya.

A jerin sunayen 'yan wasa da ake rabawa mun ga sunayen Afirka da yawa, wasu an haife su a can, wasu an kawo su. Hanyar tsohuwa ce. Hakeem Olajuwon ya tashi a Legas yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa, bai fara kwando ba sai yana kusan shekara 15. Da ya sauka a Houston a 1980 babu wanda ya je tarbarsa, tasi ya hau zuwa jami'a, kuma a 1984 shi aka fara zaɓa a NBA. Khaman Maluach, ɗan Sudan ta Kudu da ya girma a Yuganda, mai ƙafa bakwai da inci biyu, ya bi ta makarantar NBA da ke Saly a Senegal, ya zaɓi Duke a 2024, aka ɗauke shi na goma a 2025. Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Masai Ujiri, wanda ya girma a Zariya ya koyi wasan a can. Ƙaramar kwaleji ta shekara biyu ya samu a Bismarck da ke North Dakota, bai taɓa buga wasa a NBA ba, amma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofi a 2019. Tun 2003 gidauniyarsa ta Giants of Africa ke shirya wa matasa sansanonin horo.

Akwai kuma waɗanda ba a buga hotonsu. Jaridun Amurka sun sha bankaɗo labarin yaran Afirka, har da 'yan Najeriya, da dillalai suka kai da alkawarin karatu kyauta, aka cusa su su da yawa a gida ɗaya, makarantar ta zama ta jeka-na-yi-ka. Wanda ya ji rauni ko aka ga ba zai yi fice ba sai a yi watsi da shi, bizarsa ta lalace. Makarantar gaskiya ita ke aiko da takardar I-20 da sunanta, kuma ana iya duba ko tana cikin jerin waɗanda gwamnatin Amurka ta amince su karɓi ɗaliban waje. Duk wanda ya ce wa mahaifinka ya sayar da gona ya ba shi kuɗin gurbin da aka ce kyauta ne, a kai maganar wurin shugaban makarantarku da malamin wasanni kafin a ba da ko sisi.

An fitar da ƙungiyar dogon yaron nan kafin a kai wasan ƙarshe. Mun hange shi a wurin ajiye motoci, an ɗaure masa ƙanƙara a gwiwoyi biyu, yana ƙoƙarin lanƙwasa ƙafafunsa ya shige kujerar bayan wata ƙaramar bas. Saura masa shekara biyu a sakandare.