Ƙidayar Kai A Bakin Ruwa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wata tafiya da muka yi da iyali zuwa birnin Dubai, a ƙasar Asiya, domin na ga wani abu a can wanda ya shafe mu mutanen Bagwai ƙwarai da gaske.

A watan Disamba na 2019 na sami hutu. Yayana, wanda ya ke fatauci a Kantin Kwari, ya saba zuwa can saro kaya, sai ya ce wannan karo mu tafi tare, da ni da mai ɗakina da 'ya'yanmu biyu, shi ya biya kuɗin jirgi. Albashin akawu dai kowa ya san inda ya tsaya.

Mun sauka a unguwar Deira, inda kasuwanni su ke. Baƙi sun fi 'yan ƙasa yawa nesa ba kusa ba: ga Indiyawa, ga mutanen Pakistan da Iran da Habasha, ga kuma namu na Kano, har ka ji ana ciniki da Hausa. Mun ga benen nan Burj Khalifa da aka buɗe a 2010, tsawonsa ƙafa 2,717, mun kuma shiga jirgin ƙasan da ke tafiya ba direba. Waɗannan duka abin kallo ne kawai gare mu, gama aikin kuɗi ne, mu kuwa ba mu da irinsu.

Abin da na ke so in faɗa yana bakin ruwa. Wani reshen teku ya ratsa tsohon garin, ya raba Deira da Bur Dubai. Ana ƙetare shi cikin waɗansu ƙananan jiragen katako masu inji, suna kiransu abra. Kuɗin fito dirhami 1 ne a lokacin, ƙa'idar jirgi kuwa mutum 20. Ran da muka fara zuwa muka tarar mutum 17 sun riga sun zauna, mu ga mu biyar. Yayana ya yi irin ta gida, ya ce ai biyun yara ne, sai a ɗora su a cinya. Mai jirgi bai yi masa gardama ba. Ya nuna kawunan yaran da yatsa, ya ƙidaya su kamar manya, sa'an nan ya nuna mana jirgin da ke baya. Ba mu yi minti biyar muna jira ba. Shi wannan mutum talaka ne, baƙo, ba ya fi masu fiton garinmu arziki ba, amma ya san in ya wuce ƙa'ida takardar izninsa ce a bakin ta.

Daren da za mu taso muka shiga wani babban jirgin katako mai hawa biyu, ya fita da mu teku, ya bi gaɓa, muna cin abinci muna kallon fitilun birnin. Kafin a kwance igiya sai da aka duba sunan kowa a takarda, aka nuna mana inda rigunan ceto su ke, har da ƙanana na yara. Mai ɗakina, wadda ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na Watari ba, da fari ta riƙe yaran gam. Da ta ga haka hankalinta ya kwanta, har ta ce, "Malam, ashe ruwa ma ana yi masa shiri?"

To, jama'a, ku duba namu. Tun da aka datse ruwan Watari, mutanen Badau da ƙauyukan ƙetare sun dogara ga jirgi in za su zo kasuwa ko asibiti ko biki, domin zagayowa ta tudu akwai nisa. A 2008 jirgi ya kife da 'yan rakiyar amarya, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin ya nutse da 'yan makarantar Islamiyya waɗanda suka taso daga Badau za su Mauludi, aka tsamo gawa 29 a kwana biyun farko, yawancinsu yara. Masu aikin ceto suka ce lodi ne ya yi yawa. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Ni ban ga laifin mai jirgi shi kaɗai ba. Bisa kai a ke biyansa, mai ya yi tsada, ga magariba ta gabato, ga mutane tsaye suna roƙonsa, kowa ɗan'uwansa ne ko surukinsa. Yaya zai ce wa kawunsa ya jira? Mu fasinjoji kuma mu ne masu cewa yaro ba ya cika wuri, alhali ruwa nauyi ya sani, bai san shekaru ba.

Saboda haka ina roƙon Hakimi da dagatai da shugabannin ƙaramar hukuma su duba wannan shawara. A auna kowane jirgi, a rubuta adadinsa da fenti a jikinsa, da boko da ajami, yadda kowa zai karanta. A sa mutum guda a kowane mashigi, da littafi a hannunsa, wanda albashinsa ba daga aljihun mai jirgi zai fito ba, ya riƙa ƙidayar kai, goyo ma a lissafa shi. In shi ya ce jirgi ya cika, an ɗauke wa mai jirgi kunyar dangi ke nan. Rigunan ceto kuwa a ajiye su hannun wannan mutum, ya ba da su ya karɓa da lissafi, kada su ƙare a ɗakin wani. Malaman makaranta kuma, in za ku ƙetare da yara, ku raba su sawu biyu ko uku, ku tashi da sauran rana.

Ina so masu karatu na Yawuri da sauran garuruwan bakin Kwara su rubuto su gaya mana yadda su ke yi a nasu mashigai.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Bagwai.