Minti 21 a Allo, Awa Guda a Tikiti

Tsakanin filin jirgin saman Changi na Singafo da na Kwala Lamfur, babban birnin Malesiya, nisan kusan kilomita 300 ne. Jirgin fasinja irin Airbus A320 kuwa, idan ya daidaita a sama, yana cin wajen kilomita 850 a awa. To ɗauko biro ka yi abin da malamin lissafi ya koya maka: raba nisa da gudu. Za ka samu minti 21. Amma kamfanonin da ke jigila a wannan hanya kusan awa guda suke rubutawa a tikiti.

Na ba ƙanena da ke aji biyar wannan lissafi lokacin hutu, sai ya ce ai dama abin da ake koya musu a aji ba ya aiki a waje. Maganar ta dame ni, don na san ɗalibai da yawa da irin wannan tunani ya sa suka saki lissafi tun kafin jarrabawar fita.

Lissafin lafiyarsa ƙalau. Lambar 850 ɗin ce ba ta wannan tafiya ba. Lokacin da ke kan tikiti yana farawa ne tun da aka tura jirgi baya daga inda fasinja suka hau. Daga nan sai ya yi ta rarrafe a ƙasa zuwa titin tashi, a babban fili kamar Changi ma har layi yake bi. Bayan ya tashi kuma, a ƙasashe da yawa doka ba ta yarda ya wuce kimanin kilomita 460 a awa ba sai ya haura ƙafa 10,000. Kafin ya gama hawa ya buɗe wuta, lokacin sauka ya gabato, dole ya rage gudu, ya bi hanyar da masu kula da zirga-zirgar jirage suka ba shi, wadda ba lallai ta zama miƙaƙƙiya ba. Matsakaicin gudunsa a duk tafiyar kilomita 300 ne kawai a awa. Wannan kalma ta "matsakaici" ita ce muke tsallakewa a tambayoyin jarrabawa, kuma a ganina ya kamata malamai su riƙa daɗewa a kanta.

Gwada doguwar tafiya ka gani. Daga Singafo zuwa Landan kusan kilomita 10,900 ne. Raba da 850, za ka samu awa 13 ba kaɗan. A tikiti kuma awa 13 zuwa 14 ake rubutawa. Mintunan rarrafe, hawa da sauka suna nan yadda suke, sai dai sun nutse cikin tsawon tafiyar.

Ko awa gudar ma ba ta kai fasinja cikin gari ba. Filin jirgin Kwala Lamfur yana Sepang, wajen kilomita 50 daga tsakiyar birnin, kuma jirgin ƙasa mai sauri da ke haɗa su yana cin kusan rabin awa, ban da layin duba fasfo.