Daren da kibiyar kwamfuta ta tona min asiri

Jama'a, na daɗe ina riƙe da labarin nan a ciki, amma tunda rabin ajinmu sun riga sun sani, gara ku ji daga bakina.

Ina ajin ƙarshe a wata jami'a nan Ibadan. Saura kwana huɗu mu miƙa furojet, sai laftof ɗina ta faɗo daga saman gado, gilashinta ya tsage. Na je Sabo wajen wani mai gyara ɗan garinmu, da ya faɗi kuɗin sai na ce masa sai an kwana biyu. Abokin ɗakina, Bayarabe ne mai karatun kwamfuta, ya ce in riƙa amfani da tasa in ya kwanta. Allah ya saka masa da alheri. Sai dai bai gaya min halinta ba, ni ma ban tambaya ba.

Tasa ba Windows ba ce, Linux ce mai fuskar da ake kira Xfce. Wajen ƙarfe biyu na dare na buɗe tagogi biyu kusa da juna: a hagu shafin shiga imel ɗina, a dama WhatsApp, guruf ɗin ajinmu, inda kowa ke kukan sufabaizansa. Ni kuma har gobe in zan buga rubutu kibod nake kallo, ba fuskar kwamfuta ba. Na latsa gurbin faswod, na sunkuyar da kai, na buga, na danna Enter.

Da na ɗago, gurbin faswod wayam. Can dama kuwa ga ta zaune a guruf, baƙi da fari.

Wallahi sai da na ji gumi ya karyo min. Na farko, faswod ɗin nan ita ce ta imel, ita ce ta shafin makaranta inda ake rajistar kwas da duba sakamako. Na biyu kuma, wanda ya fi zafi: sunan wata 'yar ajinmu ce haɗe da shekarar haihuwarta. Yarinyar da shekara uku ban taɓa wuce “ina kwana” da ita ba.

Na goge saƙon ga kowa cikin sauri, amma lokacin furojet wa ke barci? Mutum tara sun gani. Kafin asuba na canza faswod ko'ina, hannuna na rawa.

Da safe na tare abokin ɗakina, na ce kwamfutarsa aljanu gare ta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zaunar da ni. Ya ce: “Malam, ko tagogi goma ka buɗe, guda ɗaya ce ke sauraron kibod. Abin tambaya shi ne, me ke zaɓar ta?”

A Windows da muka saba, sai ka latsa taga take fara sauraronka, kuma ba ta dainawa sai ka latsa wata. Shi kuwa ya saita tasa ta bi linzami: duk tagar da kibiya ta hau kanta, ita ke karɓar rubutu, ko ba a latsa ba. Ashe gefen tafin hannuna ne ya shafi faifan taɓawar nan da ke ƙasan kibod, kibiya ta sulale dama. Ya ce tsohon salo ne na masu Unix, ya yaɗu da tsarin X Window da aka fara a MIT ta Amurka a 1984. Yana son sa ne don yana iya rubutu a tagar da ke baya alhali yana karanta ta gaba.

Ga abin da na koya, ko zai amfani wani:

A Xfce, shiga Settings, sai Window Manager, sai Focus. Nan za ka zaɓi “Click to focus” ko “Focus follows mouse”.

Masu Windows, kada ku ce ba ruwanku. A Control Panel, cikin Ease of Access, wajen sauƙaƙa amfani da linzami, akwai akwatin da in aka yi masa alama, wucewar kibiya kan taga ta isa ta kunna ta. In kwamfutar aro na tsalle daga taga zuwa taga, nan za ka fara dubawa.

Ka kunna saitin da ke kashe faifan taɓawa yayin da kake rubutu. In za ka sauya taga, Alt da Tab sun fi tabbas.

Kafin ka buga faswod, buga harafi ɗaya ka ɗago kai. In ɗigo bai fito a gurbinsa ba, tsaya. Kuma don Allah kada ka yi faswod ɗaya ga komai, balle da sunan mutum.

Furojet dai na miƙa a kan lokaci, alhamdulillahi. Yaran ajinmu kuwa har yau “Ango” suke kirana.

Ita fa? Kwana biyu ba ta ce komai ba, ni kuma ina ta zagaye hanya don kada mu haɗu. Ran na uku sai ga saƙonta: “Malam, ka ƙara min shekara ɗaya. In za ka sake, ka tambaye ni tukuna.”

Har yanzu ban ba ta amsa ba. 'Yan uwa, me zan ce mata?