Kalmar "Clever": Yabo Ce Ko Zagi?

Ina so in yi ɗan bayani a kan wata kalmar Turanci da muke ji kullum a makaranta, watau "clever". Tun muna firamare aka koya mana cewa ma'anarta mai wayo. Amma da na lura da yadda ake amfani da ita, sai na ga fuska biyu gare ta.

Ni mutumin Zauro ne, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. A garinmu manomin da ya san lokacin da ruwa zai cika fadama, ya shuka shinkafarsa kafin nan, Bature zai ce masa "clever". Haka kuma masuncin da ya shiga kogin Matan Fada da gora da homa, a bikin kamun kifi na Argungu wanda aka soma a 1934, ya gane inda giwan ruwa ke ɓoye. Wannan yabo ne. To, amma ɗan kasuwar da ke sayen shinkafa da babban mudu ya sayar da ƙarami, shi ma da wannan kalma za a kira shi. In kuwa aka ce mutum "too clever" ne, to, ana nufin a yi hattara da shi.

Malaminmu na Turanci ya gaya mana cewa kalmomi irin waɗannan sukan sauya hali. "Cunning" a da ilimi take nufi, yau kuwa makirci. "Shrewd" daga sunan jaɓa ta fito, a da mugu ake ce wa haka, yau kuwa yabo ce ga mai hangen nesa a ciniki. Ko wayo namu na Hausa, da ya shiga Turancin buroka na Nijeriya, sai ya koma yaudara zalla, alhali mu in mun ce yaro ya yi wayo, muna nufin ya fara sanin fari da baƙi.

Hausa ta fi rarrabe abin. Muna da basira, da hazaƙa, da hikima, da dabara, sa'an nan da wayo irin na Gizo a tatsuniya, wanda Hausawa ke wa kirari da wayon a ci, an kori kare daga gindin ɗinya.

Abin da ya sa na damu shi ne, a ɗakin kwananmu na ji ana kiran mai shiga jarrabawa da takarda a cikin safa "clever boy", ana yi wa mai karatu da fitila dariya. Ƙananan 'yan aji ɗaya suna ji, suna ɗauka abin koyi ne. Irin wannan yaro in ya zama likita ko alƙali, wa zai tsira daga hannunsa?

Saboda haka, iyaye, in an ce muku ɗanku "clever" ne, kada ku yi murna tukuna. Ku tambaya, a wajen me? Mu kuwa ɗalibai, mu bar lulluɓe sata da Turanci, mu kira ta da sunanta. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.