Mutumin Da Ke Gudu Da Jaka In Ɗan Wasa Ya Faɗi

Duk mai sha'awar ƙwallon ƙafa ya san sunayen masu cin raga, amma kaɗan ne suka san sunan mutumin nan da kan sheƙo da jakar magani in ɗan wasa ya faɗi. Alhali kuwa abincin ɗan ƙwallo a ƙafarsa yake, kuma sau da yawa abin da mutumin nan ya yi cikin mintocin farko shi ke nuna ko ƙafar za ta sāke taka leda.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane shi ne Gary Lewin na ƙasar Ingila, wanda aka haifa a 1964. Tun yana saurayi ya shiga kulob ɗin Arsenal na birnin Landan da burin zama mai tsaron gida, amma Allah bai nufa ba, aka sallame shi. Maimakon ya juya wa wasan baya, sai ya tafi asibitin Guy's ya koyi aikin gashin ƙashi da jinyar jijiyoyi. A 1986, yana ɗan shekara 22, aka ɗanka masa lafiyar manyan 'yan wasan kulob ɗin. Ya shekara 22 a kan wannan aiki, har zamanin da Nwankwo Kanu ya buga wa Arsenal daga 1999 zuwa 2004. Tun daga 1996 kuma ya haɗa da kula da 'yan wasan ƙasar Ingila.

A watan Fabrairu na 1997 babu wanda zai ce wata rana zai ceci ran abokin hamayya, amma shekara goma bayan haka abin ya faru. A wasan ƙarshe na cin kofi tsakanin Arsenal da Chelsea a birnin Cardiff a 2007, ƙafa ta sami John Terry, kyaftin ɗin Chelsea, a fuska, ya faɗi sumamme. Wanda ya suma, harshensa kan koma baya ya toshe hanyar numfashi, mintoci kaɗan kuwa sun isa a yi asara. Lewin ne ya fi kusa. Bai tsaya duba launin riga ba, ya ruga ya buɗe masa hanyar iska.

Ran 23 ga Fabrairu, 2008 ita ce mafi nauyi a aikinsa. A filin Birmingham aka karya Eduardo da Silva a ƙafar hagu, idon sawun ya goce har ƙashi ya huda fata. Ga shi ba ya jin Turanci sosai, sai da Gilberto Silva ya yi tafinta. A irin wannan rauni, abin tsoro shi ne jini ya daina isa tafin ƙafa, ko ƙazanta ta shiga ciwon. Lewin ya tsare ƙafar kada ta motsa, ya lallashi mai ita har aka kai shi ga likitocin fiɗa.

Daga nan ne aikin da 'yan kallo ba sa gani yake farawa. Ƙafar da ta daɗe a ɗaure namanta kan zube, gaɓa ta sandare. Sai a fara da motsa yatsu, sa'an nan tafiya cikin ruwa, sa'an nan keke, sa'an nan gudu miƙe, kafin a yarda mutum ya yi kwana da ƙwallo. Ɗan wasa yana ɗoki, koci yana matsa lamba, amma wajibi ne mai jinya ya iya cewa “ba yanzu ba”, domin wanda ya koma fili da ɗanyen ciwo yakan dawo da wanda ya fi shi. Sai da Eduardo ya kusan cika shekara kafin ya sāke bugawa, a Fabrairun 2009, ya kuwa ci Cardiff City ƙwallo 2. Lokacin Lewin ya riga ya koma aikin ƙasa ɗungurungum, abokan aikinsa ne suka ƙarasa abin da ya fara.

An ce wanzami ba ya son jarfa, to, shi ma ranarsa ta zo. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a birnin Manaus na ƙasar Brazil, Daniel Sturridge ya farke ƙwallon da Italiya ta ci Ingila. Lewin ya yi tsallen murna, ya dira a kan gorar ruwa, idon sawunsa ya karye ya goce. Aka ɗauke shi a kan irin gadon da ya saba rakawa, aka mai da shi gida, ya shiga watannin haƙurin da ya shekara 28 yana koya wa wasu.