Sati: Kalmar Pali da Ta Bar Rabin Ma'anarta a Hanya

A asibitoci da kamfanoni na Turai da Amurka, har da manhajojin wayar salula, akwai kalmar Ingilishi da ta zama ruwan dare, wato mindfulness. Ana koya wa mutum ya zauna shiru, ya bi shigar numfashinsa da fitarsa, ya lura da duk abin da ya ɗarsu a zuciyarsa ba tare da ya yanke masa hukunci ba. Kalmar fassara ce ta wata kalma ta harshen Pali, wato sati. Ba ta haɗa komai da satin Hausa mai kwana 7 ba, lafazi ne kawai ya zo ɗaya. Tushen ma'anarta shi ne tunawa, kuma wannan tushe ne ya fi jin jiki a tafiyar da ta yi daga Asiya zuwa Yamma.

Pali tsohon harshe ne na ƙasar Indiya, dangin Sanskirit. Da shi aka adana nassosin ɗariƙar Theravada ta addinin Buddha, wadda ke da rinjaye a Siri Lanka da Myanmar da Tailan da Kambodiya da Laos. Sunan kundin Tipitaka, ma'ana kwanduna uku. Ita kanta kalmar pali da farko tana nufin layi ko nassi, daga baya ta zama sunan harshen da nassin ke ciki. Ƙarnuka da dama sufaye suna riƙe da waɗannan nassosi da ka, suna miƙa su baki da baki, sai a ƙarni na 1 kafin Miladiyya aka rubuta su a kan ganyaye a Siri Lanka. A al'ummar da iliminta kacokan ya rataya a kan hadda, kalmar da ke nufin tunawa ba ƙaramar kalma ba ce.

Sati ta fito ne daga tushe ɗaya da aikatau sarati, wato ya tuna, kuma takwararta a Sanskirit ita ce smriti. Inda nassosin suka bayyana mai sati, sun siffanta shi da mutumin da ke iya tuna abin da aka yi ko aka faɗa tun da daɗewa. Kalmomin da aka gina a kanta ma sun nuna haka: anussati na nufin maimaita tuna wani abu, marana-sati kuwa tuna mutuwa. A wasu wuraren ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa da kasancewa a farke ga abin da ke faruwa yanzu. Nassin Satipatthana ya lissafa wurare 4 da ake kafa ta: jiki, da abin da ake ji na daɗi ko akasinsa, da yanayin zuciya, da rukunonin koyarwar kanta. Ma'anonin biyu suna tafiya tare. Mai sati yana lura da halin da yake ciki, yana kuma riƙe da abin da aka koya masa game da wannan hali.

Misalan da littattafan suka kawo sun fi kowane ƙamus fito da wannan. Wani nassi ya kwatanta sati da sarkin ƙofa na birnin kan iyaka, mai basira, wanda ke barin sanannu su shiga ya kuma tare baƙin fuska. Littafin Milindapanha, wanda ya ƙunshi muhawara tsakanin sarki Milinda da sufi Nagasena, ya kwatanta ta da ma'ajin sarki da ke tuna wa ubangidansa yawan dukiyarsa da dakarunsa. Aikin sarkin ƙofa tantancewa ne, aikin ma'aji kuwa lissafi. Duka biyun suna buƙatar ma'auni, kuma ma'aunin a nan shi ne bambance tunani mai kyau da marar kyau. Shi ya sa sati ta zo ta 7 a cikin rukunai 8 na tafarkin da Buddha ya koyar, bayan kyakkyawar magana da kyakkyawan aiki da sana'a mai tsabta. Cikakken sunanta a jerin samma-sati, wato sati ta daidai, kuma nassosin sun ambaci kishiyarta, miccha-sati, wadda ta karkace.

Wanda ya haɗa sati da mindfulness shi ne Thomas William Rhys Davids, ɗan Birtaniya da ya koyi Pali lokacin da yake ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a Siri Lanka. Ya yi amfani da kalmar a fassararsa ta 1881, shekarar da ya kafa ƙungiyar Pali Text Society. Zaɓin nasa yana da hujja, domin a tsohon Ingilishi kalmar tana ɗauke da ma'anar riƙe abu a zuciya kada a manta. Sauyin ya zo daga baya. A tsakiyar ƙarni na 20, Nyanaponika Thera, sufi haifaffen Jamus da ya zauna a Siri Lanka, ya yaɗa fahimtar sati a matsayin lura zalla. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya kafa shirin rage matsin zuciya na mako 8 a asibitin Jami'ar Massachusetts, ya kuma bayyana atisayen da lura da halin yanzu ba tare da hukunci ba. Ya cire masa rigar addini da gangan, don kowane majinyaci ya iya shiga.

Wannan mataki ya yi amfani. A 2004 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta amince da wani magani da aka gina a kan atisayen domin masu fama da ciwon damuwa mai komowa. Sai dai an biya farashi. Lura da ba ta da ma'auni tana iya yi wa kowa hidima: kamfani na iya koya wa ma'aikatansa jure nauyin da ya kamata a rage musu. Wannan ne ƙorafin Ronald Purser a littafinsa McMindfulness na 2019. Thanissaro Bhikkhu, sufi Ba'amurke mai fassara nassosin Pali, shi ma ya daɗe yana jaddada cewa a mayar wa kalmar ma'anarta ta tunawa.

Duk wanda ya karanta rahoton likita ko tallan manhaja da ke danganta wannan atisaye ga hikimar shekara fiye da 2,000, yana da kyau ya san cewa abu biyu ake kira da suna ɗaya. Akwai dabarar jinya ta zamani da ta girma tun daga 1979, akwai kuma sati ta nassosin Pali, wadda ba ta rabuwa da tarbiyya da sanin abin da ya kamata a bari ya shiga zuciya.